Shin ɗaga ƙarfe yana hana matashi tsawo?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan magana ɗaya, wato matasan da suka rungumi ɗaga ƙarfe tun ba su gama girma ba, da iyayen da hankalinsu ya ƙi kwanciya da abin. Na zaɓi guda huɗu na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 14. Shi da abokansa sun cika gwangwanayen fenti da siminti, sun soka bututun ƙarfe a tsakani, kullum bayan La'asar suna wani kango kusa da gidanmu suna ɗagawa. Yayana ya ce in hana shi, domin nauyi yana danne ƙashi har yaro ya tsumbure, ya kuma kafa hujja da cewa 'yan ɗaga ƙarfen da ake nunawa a talabijin duk gajeru ne. Ni kaina ba dogo ba ne, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. In hana shi ko in ƙyale shi? (Wani uba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya maka shi, ya yi masa albarka. Shawarata ita ce kada ka hana shi, amma kuma kada ka bar shi a kan yadda yake yi yanzu, kuma zan yi ƙoƙarin bayyana dalilin kowanne.

Dogayen ƙasusuwan jiki, irin na cinya da ƙwauri da damtse, suna ƙara tsawo ne daga kusa da ƙarshensu. A can akwai wani siririn faifai na guringuntsi, wanda za mu kira shi faifan girma, inda ƙwayoyin halitta suke hayayyafa suna jeruwa, na farko suna taurarewa suna zama ƙashi yayin da sababbi suke fitowa a bayansu. Abin da yake ba wannan faifai umarnin aiki shi ne wasu sinadarai da jiki yake zubawa cikin jini, musamman sinadarin girma da yake fitowa daga wani ƙaramin ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, sai kuma sinadaran balaga. Idan balaga ta kammala, faifan yakan rikiɗe ya zama ƙashi gaba ɗaya, daga nan tsawo ya ƙare. Ga 'yan mata wannan yakan faru tsakanin shekara 14 zuwa 16, ga samari kuwa tsakanin 16 zuwa 18, wasu har su ɗan gota haka. Ɗanka yana tsakiyar lokacin da namiji ya fi saurin miƙewa, inda a shekara guda yakan iya ƙara santimita 9 ko 10.

To, shin nauyin da aka ɗaga na 'yan daƙiƙoƙi aka ajiye yana iya danne wannan faifai? Ka dubi yaron da yake buga ƙwallo a fili. Duk takun da ya yi da gudu, ƙafarsa ɗaya tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, idan ya yi tsalle ya dira kuwa abin ya fi haka. Yaro mai kilo 45 yana sauke wa ƙafarsa kusan kilo 100 ko fiye a kowane taku, sau dubbai a wasa ɗaya, amma ban taɓa jin uban da ya hana ɗansa ƙwallo don gudun gajarta ba. An halicci ƙashi da guringuntsi domin ɗaukar nauyi, kuma nauyi daidai gwargwado ƙarfafa su yake yi. Kusan rubu'in ma'adinan da ke cikin ƙashin baligi yana taruwa ne a cikin shekara biyun da yaro ya fi saurin girma, saboda haka motsa jikin da aka yi a wannan lokaci ajiya ce da mutum zai ci moriyarta a tsufansa.

Likitoci sun daɗe suna bin wannan tambaya. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da matsayarta a shekarar 2008, ta sabunta ta a 2020, inda ta nuna cewa atisayen ɗaga nauyi da aka tsara da kyau, aka kuma yi shi a gaban mai kula, ba ya tauye tsawon yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, kuma aƙalla kwana uku a mako su haɗa da abin da yake ƙarfafa tsoka da ƙashi.

Hujjar yayanka tana da ƙanshin gaskiya, domin idonsa bai yi masa ƙarya ba, sai dai ya ɗauki sakamako a matsayin dalili. A gasar ɗaga ƙarfe ana raba 'yan wasa ne bisa nauyin jiki, kuma a rukunin marasa nauyi gajere ya fi dogo dama, saboda tazarar da zai ɗaga ƙarfen ba ta da yawa, kuma a kilo ɗaya da dogo ya fi shi kaurin tsoka. Naim Suleymanoglu na Turkiyya, wanda ya ci zinare a wasannin Olamfik na 1988 da 1992 da 1996, tsawonsa mita 1.47 ne kawai, kuma a gasar 1988 a birnin Seoul ya ɗaga kilo 190, fiye da ninki uku na nauyinsa. Amma Lasha Talakhadze na ƙasar Jojiya, wanda shi ma ya ci zinare sau uku a rukunin masu nauyi, a wasannin Olamfik na 2016 da na Tokyo da kuma na 2024, tsawonsa mita 1.97 ne. Wasan ne yake tace mutane ya fito da waɗanda ƙirar jikinsu ta dace da shi, kamar yadda ƙwallon kwando yake tara dogaye alhali jefa ƙwallo a kwando bai taɓa miƙar da kowa ba.

Tsawo yawancinsa gado ne, masana sun ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane daga nan yake. Likitocin yara suna da wani lissafi mai sauƙi da za ka iya yi a gida: ka haɗa tsawonka da na mahaifiyarsa da santimita, ka ƙara 13 idan namiji ne ko ka rage 13 idan mace ce, sannan ka raba biyu. Uba mai santimita 168 da uwa mai 158, ɗansu ana sa ran ya tsaya a wajen 169 da rabi, yana iya ɗarawa ko ya gaza da kamar santimita 8. Ragowar kason kuwa yana hannun abinci da lafiya da barci, kuma a nan ne ya kamata hankalinmu ya fi tashi. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 57. Waɗannan yara ba su taɓa riƙe ƙarfe ba. Yaron da muke gani yana dako a kasuwa ko yana tura kurar ruwa, muka ce kaya ne suka danne shi, in an bincika za a tarar yana wuni yana aikin ƙato a kan cikin da bai ƙoshi ba, jikin yana ƙona abin da ya kamata ya gina ƙashi da shi.

Yanzu kuma dalilin da ya sa na ce kada ka bar shi yadda yake. Faifan girma ya fi jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa rauni, saboda haka faɗuwar da za ta zama targaɗe ga babba tana iya zama karaya ga yaro, kuma wuyan hannu yana daga cikin wuraren da abin ya fi shafa. Yawancin irin wannan karaya tana warkewa lafiya lau idan an gyara ta daidai, amma wadda ta yi muni ko aka ɗora ta a karkace tana iya sa wani ɓangare na faifan ya rufe da wuri, hannu ko ƙafa ɗaya ta gaza 'yar uwarta ko ta lanƙwashe. Idan ka duba yadda irin wannan rauni yake aukuwa, kusan kullum labarin ɗaya ne: samari su kaɗai ba babba, ana gasar wa ya fi wa, wani ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ya kai shi saman kai, ƙarfen ya rinjaye shi. Gwangwanin siminti yana da nasa aibin, domin ba wanda ya san kilo nawa ne, gefe ɗaya yakan fi ɗaya nauyi, kuma simintin yana iya zamewa daga bututun ya faɗo a kan ƙafa. Mafi haɗari shi ne yaro ya kwanta a benci ya riƙa tura ƙarfe daga ƙirji ba wanda yake tsaye a kansa, domin ƙarfen da ya sauka a wuya ba ya jiran a kira agaji.

Saboda haka ka je kangon nan da kanka ka ga abin da suke yi, ka kai gwangwanayen a ɗora su a sikeli, ka nema musu babban mutum da ya san aikin, ko malamin motsa jiki na makarantarsu, ya riƙa tsaya musu. Ya fara da nauyin jikinsa: tsugunawa da miƙewa, kifa ciki a dafa ƙasa ana ɗago jiki da hannuwa, da kama sanda a sama ana jan jiki. Idan ya koma kan ƙarfe, ma'aunin shi ne nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 a jere bayansa a miƙe, ba tare da fizga ko riƙe numfashi ba. Idan sai ya yi nishi ya karkace kafin ya ɗaga sau uku, nauyin ya yi masa yawa. Kwana biyu ko uku a mako sun isa, da hutun kwana guda a tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka take ginuwa, wannan kullum bayan La'asar ɗin ya yi yawa. Duk ciwon da ya zauna a gaɓa ko a ƙugu ya wuce 'yan kwanaki, ko kumburi bayan faɗuwa, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin kafin a yi maganar ɗori. Kuma domin hankalinka da na yayanka ya kwanta, ka tsayar da shi a jikin bango duk bayan wata uku ka ja layi, amma ka riƙa yi da safe, domin kowane mutum ya fi tsawo da safe da santimita ɗaya ko fiye a kan yamma.

Tambaya: Malam, shekaruna 16, nauyina kilo 48, abokaina suna yi mini dariya wai iska za ta ɗauke ni. Wata uku ke nan ina ɗaga ƙarfe, ƙarfina ya ƙaru amma jikina yana nan yadda yake. Wani a wurin da muke atisaye ya ce akwai ƙwaya da allura da za su buɗa ni cikin wata ɗaya, wani kuma ya ce in sayi garin furotin na gwangwani. Wanne ya fi? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Ɗana, na ji daɗin da ka tambaya kafin ka sha, kuma ina roƙonka ka karanta wannan amsa har ƙarshe kafin ka sake sauraron mai allurar nan.

Abin da ka gani a jikinka shi ne abin da ake sa ran gani. A makonnin farko na atisaye, ƙarfin da yake ƙaruwa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo yake fitowa, wato jiki yana koyon yadda zai tattara tsokar da yake da ita ta yi aiki tare. Kaurin tsoka yana biyo baya a hankali, kuma ya dogara da inda mutum ya kai a balaga, domin sinadarin maza da ake kira testosteron shi ne yake ba tsoka damar kauri. Samari ba sa balaga lokaci ɗaya. Abokinka da kuke aji ɗaya, wanda ƙirjinsa ya buɗe, gemu ya fara tsiro masa, yana iya riga ka da shekara biyu a wannan tafiya, kai kuma kana nan tafe. Sau da yawa ma wanda ya makara yakan ci gaba da tsawo bayan sauran sun tsaya.

Ƙarfe ba ya ƙara wa mutum nauyi da kansa. Aikinsa shi ne ya nuna wa jiki inda zai kai abincin da ya shigo, idan kuwa abincin bai wuce abin da jiki yake ƙonawa ba, babu abin da za a kai. Kai kana girma, kana zuwa makaranta, ƙila a ƙafa, ga atisaye, saboda haka buƙatarka ta fi ta mahaifinka. Matashi mai atisaye yana buƙatar wajen giram ɗaya da rabi na furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, a kan kowane kilo na jikinsa a rana, kai ke nan kamar giram 70. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, kofin nono ko madara yana da wajen 8, kwanon dafaffen wake yana da wajen 15, cikin tafin hannu na gyaɗa yana da wajen 7, kuma tuwo da fura da shinkafar da kake ci su ma suna kawo nasu kason. Ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kifi, ga ɗan wake, ga nama ranar da aka samu. Wanda ya karya da ƙosai da kunun gyaɗa, ya ci wake da shinkafa da rana, ya sha fura da nono bayan atisaye, ya ci tuwo da dare, ya cika lissafinsa ba tare da ya kai kuɗinsa kanti ba. Garin furotin na gwangwani yawancinsa daga ruwan madara ake tace shi, ba guba ba ne, sai dai yana da tsada, akwai jabu a kasuwa, an kuma sha samun wasu da aka cakuɗa da sinadaran da ba a rubuta a jikin gwangwanin ba. Ka ƙara yawan abincinka, ka daina tsallake karin kumallo, ka yi barcin awa 8 zuwa 10 domin a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Idan kana ƙara rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata, kana kan hanya.

Ƙwaya da allurar da aka yi maka tayi iri biyu ne, kuma duka biyun suna yin ainihin ɓarnar da ake zargin ƙarfe da ita. Na farko su ne sinadaran gina tsoka da ake kira sitiroyid, waɗanda kwaikwayon testosteron ne. Jiki yana juya wani kaso nasu ya zama estrojin, wanda shi ne sinadarin da yake rufe faifan girma ga mace da namiji baki ɗaya. Saurayi mai shekara 16 da ya sha su yana iya rufe ƙofar tsawonsa da hannunsa, kuma faifan da ya rufe babu maganin da yake sake buɗe shi. Bayan haka suna sa 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito wa namiji, ƙuraje su cika fuska da baya, hanta da zuciya su wahala, ga saurin fushi, ga baƙin ciki mai tsanani idan an daina. Allurar da ake karɓa-karɓa kuwa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Iri na biyu shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwanni, waɗanda mutane suke yi wa laƙabi da "sha ka fashe", kuma sau da yawa dezametason ne a ciki. Wannan magani ne mai amfani a hannun likita ga masu wasu cututtuka, amma ga mai neman jiki yaudara ce. Kumburin da yake kawowa ruwa ne da kitse da suke taruwa a fuska da ciki da ƙeya, alhali tsokar hannu da cinya zagwanyewa take yi. Yana rage saurin tsawon yara, yana sa ƙashi ya yi rauni, yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana kuma karya garkuwar jiki. Idan akwai abokinka da ya riga ya daɗe yana sha, ka gaya masa kada ya yanke shi rana ɗaya, domin yankewar farat ɗaya tana iya kai mutum kwance, ya je wurin likita a riƙa rage masa a hankali.

Abu ɗaya zan ƙara. Idan kana ci sosai amma kana ramewa, ko kana da tari da ya daɗe, ko zazzaɓin dare, ko yawan gudawa, ko yawan ƙishirwa da fitsari, to maganar ta wuce ta atisaye, ka je asibiti a duba ka. Tsutsar ciki ma kaɗai tana iya cinye abin da saurayi yake ci.

Tambaya: Salamu alaikum. 'Yata mai shekara 15 tana da ƙiba, likita ya ce ta riƙa motsa jiki. Ta fara ɗaga ƙananan ƙarafa a ɗaki tare da 'yar uwarta, amma bayan wata biyu da muka hau sikeli sai muka ga kilo ɗaya ma ta ƙara. Ni kuma ina tsoron kada jikinta ya murɗe ya zama irin na maza, ko abin ya taɓa mata haihuwa nan gaba. (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki game da murɗewar jiki. Testosteron da ke jikin mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ke jikin namiji ba, saboda haka ƙananan ƙarafan da take ɗagawa za su ɗaure mata jiki ne su ƙara mata ƙarfi, ba za su mayar da ita ƙato ba. Matan da kike gani a hotuna jikinsu ya yi curi-curi sun shafe shekaru suna atisaye mai tsanani, da yawansu kuma da taimakon magungunan da na yi bayani a sama. Ɗaga nauyi daidai gwargwado ba ya taɓa mahaifa. Mata suna wannan wasa har a matakin duniya, kuma a shekarar 2000 da aka fara shigar da su gasar ɗaga ƙarfe ta Olamfik a birnin Sidni, 'yar Najeriya Ruth Ogbeifo ta dawo da lambar azurfa. Ribar da 'yarki za ta fi samu ma tana cikin ƙashinta, domin mata ne suka fi fama da raunin ƙashi bayan sun manyanta.

Sikeli kuwa yana auna komai a haɗe, ƙashi da tsoka da kitse da ruwa, ba ya bambancewa. Tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, tsokar da ta fara aiki tana riƙe ruwa, yarinya mai shekara 15 tana iya kasancewa tana ɗan ƙara tsawo, ga shi nauyin mace yakan hau ya sauka da kilo ɗaya ko biyu a kewayen al'adarta. Ki auna ƙugunta da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, ki lura da yadda kayanta suke zama a jikinta da yadda take hawa bene ba haki, waɗannan sun fi sikeli faɗin gaskiya. Sai dai in gaya miki, ƙarfe kaɗai ba ya ƙona kitse da yawa. Ta haɗa da tafiya mai sauri ko tsallen igiya, kuma gidan gaba ɗaya ya rage lemon kwalba da shayi mai suga da yawa da soye-soye, domin yarinyar da aka ware wa kwanonta daban tana kallon 'yan uwanta suna cin abin da aka hana ta ba za ta jure ba, kuma za ta ji kamar hukunci ake yi mata.

Abin da nake so ki sa wa ido shi ne kishiyar abin da kike tsoro. Yarinyar da aka dame ta da maganar ƙiba tana iya fara ƙin abinci a ɓoye, ko shan shayin rage ƙiba da magungunan sa zawo da fitsari. Waɗannan ruwa suke fitarwa, kitsen yana nan, kuma suna iya rikita bugun zuciya. A gasar ƙasashen renon Ingila ta 2014 a Glasgow, wata 'yar Najeriya mai shekara 16 ta ci zinare a rukunin kilo 53, aka karɓe lambar bayan an sami magungunan sa fitsari a jikinta, kuma duk lokacin da na tuna da ita nakan yi tunanin manyan da ke kewaye da yarinya mai waɗannan shekaru. Idan al'adar 'yarki ta ɗauke wata uku a jere, ko tana yawan jiri, ko kin ga tana ɓoye abinci, ki mayar da ita wurin likitan da ya ba ta shawarar.

Tambaya: Malam, gaskiya ne ɗaga nauyi yana kawo gwaiwa? Kuma ƙanena yana da sikila, yana so ya riƙa bin mu wurin atisaye. (Wani matashi daga Gusau)

Amsa: Gwaiwar da take fito wa yara da samari, yawanci asalinta wata 'yar kafa ce a matsematsi da ba ta rufe ba tun haihuwa. Yunƙuri da riƙe numfashi suna ƙara matsi a cikin ciki, su tura hanji ta kafar, sai abin da yake ɓoye ya bayyana. Shi ya sa ake koya wa mai atisaye ya fitar da numfashi a lokacin da yake ɗagawa. Wanda ya ga kumburi a matsematsi ko a maraina, mai fitowa in ya yi tari ya koma in ya kwanta, ya ajiye ƙarfe ya ga likita, domin aikin tiyata ne maganinsa. Idan kumburin ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Ƙanenka kuwa, kada ku tafi da shi sai likitansa ya amince ya kuma faɗi iyakar abin da zai yi. Masu sikila sukan makara a tsawo da balaga saboda ciwon kansa, kuma gajiya mai tsanani da ƙishirwa da zafin rana suna iya tayar musu da ciwo, wasunsu kuma kan ƙashin cinyarsu yana da rauni. Idan an yarje masa, ya yi mara nauyi, da sanyin safiya ko bayan rana ta yi sanyi, da gorar ruwa a kusa da shi, ya kuma tsaya da zarar ya ji haki ko ciwo ko da sauran ba su gama ba. Wannan sharaɗi na ganin likita tukuna ya hau kan mai ciwon zuciya da mai hawan jini da mai farfaɗiya. Da azumi kuma, ku da shi duka, ku mayar da atisayen bayan buɗa baki, ku rage nauyin da kuka saba ɗagawa.